Tarar Lanho: Hanyar Kauce Mata da Hanyar Neman Sauƙi

Darasinmu na yau a kan lanho ne, wato haraji. In na ce "kai", to har da ke nake nufi, tunda sana'a ba ta maza kaɗai ba ce.

Duk mai sana'a ya san zafin biyan lanho. Tela ya sani, mai butiki ya sani, mai kamyo da ke jigila tsakanin Maraɗi da Yamai shi ma ya sani. Amma akwai abin da ya fi wannan zafi: ka biya lanhon, kuma a ɗora maka wani kuɗi a kanshi saboda ka makara. Wannan kuɗin shi ake ce ma tara. Kuɗi ne wanda za ka iya tsare ma iyalinka, in ka san ranar biya, ka adana takardunka, kuma ka tafi biro da ƙafarka tun ba a zo nemanka ba.

Uwar kuɗi daban, tara daban

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne wannan. A takardar lanho kuɗi iri biyu ne. Akwai uwar kuɗi, wato lanhon da doka ta aza ma sana'arka, ko gidanka na haya, ko motarka. Sannan akwai tara, wadda ake ƙarawa in ka saɓa ma ƙa'ida. Mutane da yawa jimla kawai suke dubawa a ƙasan takarda, sai gabansu ya faɗi. Kai kada ka yi haka. Duba layi layi, ko ka sa a karanta maka, har ka san nawa ne uwa, nawa ne tara. Dalili kuwa, uwar kuɗi da wuya a taɓa ta. Ita tara tana da ƙofar sauƙi.

Takardun lanho galibi da faransanci ake rubuta su. Ga kalmomi biyar da ya kamata idonka ya saba da su:

Date limite: ranar ƙarshe ta biya.
Droits ko principal: uwar kuɗi.
Pénalité, majoration ko amende: tara.
Mise en demeure: takardar gargaɗi.
Quittance: resi, shaidar ka biya.

Kwafe su cikin kayenka, ka riƙa dubawa.

Me ya sa mutane ke ɓuya?

Tsoron lanho tsohon abu ne a ƙasarmu. Zamanin mulkin Faransa kowane baligi sai ya biya kuɗin kanshi, makiyayi kuma ya biya jangali. Sarakuna da masu gari ke tarawa, gardawan kumandan suna biye. Wanda ba shi da kuɗi yakan sha wulaƙanci, wani ya saida akuyarshi, wani ya tsallaka Najeriya sai ƙura ta lafa. Cikin shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, aka sauke ma talakawa wannan lanhon kai na gwamnati. Amma tsoron bai fita daga zukata ba. Har yau wani in ya hangi ma'aikacin lanho a bakin kasuwa, sai ya ja ƙofa ya sulale.

To yanzu abin ya sake. Lanhon gwamnati yana hannun babbar ma'aikatar haraji, wadda ake kira DGI, ƙarƙashin ministan kuɗi. Cibiyarta tana Yamai, tana da reshe a kowace jiha, kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso. Ƙananan kuɗaɗe kuma, irin tikitin kasuwa da kuɗin gari, na ma'aikatar magajin gari ne, wato meri. A shekarar 2012 an tattara dokokin lanho cikin littafi guda, kuma kowace shekara dokar kasafin kuɗi tana iya sake wani abu a dokokin lanho. Komi a rubuce yake. In ka karɓi lambar nan ta mai biyan lanho, wadda ake ce ma NIF, to an buɗe maka dosiye da sunanka. Ka rufe butiki ka gudu yau, gobe dosiyen yana nan yana jiranka, kwanaki kuma suna ta ƙirguwa.

Laifi iri biyu

Tara tana shigowa ta hanya biyu.

Ta farko, rashin kai bayani kan lokaci. Bayani shi ne takardar da kake cikawa ka ce: ga cinikin da na yi, ga abin da ya hau kaina. Manyan ƴan kasuwa da kamfanoni suna kai irin wannan kowane wata. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, kuɗin TVA da lanhon albashin ma'aikata na wata ɗaya ana kai su kafin 15 ga wata mai bi mashi ya wuce. Lissafin ribar shekara kuma, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ana kai shi kafin ƙarshen Afrilu. Ƙaramin mai sana'a an sauƙaƙa mashi. Lanho guda ake yanka mashi a shekara gwargwadon ƙarfin sana'arshi, shi ne wanda mutane suka saba kira patanti. Shi ma yana da ranarshi.

Ta biyu, rashin biya kan lokaci. Ka kai bayani daidai, amma kuɗin bai shiga ba sai bayan rana ta wuce.

Lura da kyau. Wanda bai kai bayani ba kuma bai biya ba, laifi biyu ya haɗa. Wanda ya kai bayani amma kuɗi suka gaza, laifi ɗaya gare shi. Saboda haka, ko aljihunka wayam yake, kai takardarka a ranarta. Ko wata ya wuce ba ka saida komi ba, in kana cikin masu bayanin wata wata, cika takarda ka rubuta babu. Da faransanci néant ake rubutawa.

In ka yi shiru, aka aiko da gargaɗi ka ƙara yin shiru, doka ta ba biro ikon ya yanka maka lanho da kanshi. Ma'aikaci zai dubi girman shagonka da kayan da ke ciki ya yi ƙiyasi. Irin wannan ƙiyasin ba safai yake yi ma mai sana'a daɗi ba. Kuma daga nan nauyin kawo shaida ya koma kanka: kai ne za ka nuna cewa cinikinka bai kai haka ba.

Mu yi lissafi

Don koyon lissafi, mu ɗauka cewa tarar makara kashi 10 cikin 100 ce, kuma kowane wata ana ƙara kashi 1. Ga teloli uku, kowane ana binshi jika 60, wato 60.000 na sefa.

Na farko ba shi da kuɗin duka. Ran biya ya kai 40.000, saura 20.000. Tara ta hau kan sauran kaɗai: kashi 10 na 20.000, wato 2.000.

Na biyu ya ce sai ya haɗa kuɗin cif. Ya makara, ya zo cikin watan farko. Kashi 10 na 60.000, wato 6.000.

Na uku ya jefa takarda ƙarƙashin keken ɗinki ya manta. Bayan wata 10 aka zo mashi. Tara ta zama kashi 20, wato 12.000.

Dubi bambanci. Bashi ɗaya ne, amma wani ya ƙara jika 2, wani jika 6, wani jika 12. Abin da ya raba su shi ne kwanaki, da kuma ɗan abin da aka fara biya. Ainihin kashin da za a ɗora maka doka ce ke yanka shi, kuma ya danganta da irin lanhon. Tambaya a biro, ka sa a nuna maka shi a rubuce.

Rigakafi ya fi magani

Ga abin da za ka yi don tara ta wuce ka.

1. Farkon shekara tafi biron lanho na garinku. Tambayi wane lanho ke kanka, nawa ne, kuma wace rana ce ta ƙarshe. Rubuta ranar a kalanda inda idonka ke kai kullum. Mai mota ya haɗa da ranar vinyet.

2. Kada ka jira ranar ƙarshe. Ran nan layi ke tsawo, wuta tana iya ɗaukewa, na'ura tana iya tsayawa. Da sanyin safiya ake kama fara.

3. Tara kuɗin kaɗan kaɗan. Jika 60 a shekara jika 5 ne a wata. In ka raba ma ranakun kasuwa, bai kai yadda kake tsoro ba. Wasu suna shiga adashi don haka, su ɗauki kwasarsu dab da lokacin biya. Mai sana'ar da ke tafiya da kaka, irin mai awon hatsi ko mai saida albasa, ya ware na lanho tun ciniki na da zafi.

4. Riƙe kaye na ciniki. Abin da ya shigo a hannun dama, abin da ya fita a hannun hagu, kowace rana da kwanan watanta. Ranar gardama wannan kayen shi ne mai shaidarka.

5. Kowane dala ka biya, karɓi resi mai hatimi, mai ɗauke da sunanka da adadin kuɗi da kwanan wata. Sa shi cikin leda, ka ajiye inda ruwa da gara ba su kai. In da hali yi fotokofi, ko ka ɗauki hotonshi da salula. Kada ka yar da resin bara don ka biya na bana.

6. In ka bar sana'a, ko ka tashi daga wannan kasuwa zuwa wata, ko za ka tafi cin rani ka rufe shago da daɗewa, sanar da biro a rubuce. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Mutum ya rufe butiki shekara biyu, ya dawo ya tarar ana binshi lanhon shekara biyu da tararsu, don a dosiye shagon bai taɓa rufewa ba.

Akwai kuɗin da ba naka ba ne ko kaɗan. TVA, wadda a kan yawancin kaya kashi 19 cikin 100 ce, mai saye ne ya biya ta, kai karɓa kawai ka yi. Haka lanhon da ka cire daga albashin ma'aikacinka. Amana ce a hannunka. Kada ka zuba ta cikin jari da niyyar za ka mayar. Wanda ya ci irin wannan kuɗin, da wuya ya samu mai jin kukanshi.

In rana ta riga ta wuce

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ciwo yana zuwa, ciniki yana tsayawa. In ka makara, kada kunya ko tsoro su zaunar da kai. Wanda ya kawo kanshi da wanda aka kamo ba a yi masu kallo ɗaya.

Tafi biro da abin da ke hannunka, ko rabi ne, ko sulusi. Ka ga lissafin teloli: duk abin da ka rage daga uwar kuɗi ya rage wurin da tara za ta hau. Nemi ganin mai karɓar kuɗi, wanda ake kira receveur. Gaya mashi halin da kake ciki, ka roƙi a raba maka sauran kashi kashi. In ya yarda, a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka. Gwamma ka ce jika 5 a wata ka cika, da ka ce jika 20 ka kasa a wata na biyu.

In takardar gargaɗi ta zo, karɓe ta, ka rubuta ranar da ta shigo hannunka. Ƙin karɓa ba ya tsayar da komi. Bayan gargaɗi doka ta ba su ikon rufe shago, da tsare kuɗinka a banki, da kama kaya. Kowane mataki kuma yana iya jawo nashi kuɗin. Ga kuma asarar ciniki: shagon da aka rufe sati ɗaya, masu sayenshi sun koyi hanyar shagon maƙwabci. Mai neman kwangilar gwamnati kuwa, sai ya nuna takardar shaidar cewa ba a binshi lanho. Bashi ɗaya yana iya hana shi aikin shekara.

Ƙofofi biyu na neman a cire tara

Ƙofa ta farko ta wanda aka yi ma kuskure ce. Misali ka biya kan lokaci amma ba a shigar ba, ko an aza maka lanhon wani mai suna irin naka, ko an lissafa maka shagon da ka sanar ka rufe. Nan haƙƙinka kake nema. Ana ce ma wannan takarda réclamation, wato ƙorafi. Ka rubuta inda kuskuren yake, ka haɗa da fotokofin resi da sauran shaidu. In uwar kuɗin ta faɗi, tarar da ke kanta ita ma ta faɗi. Doka ta yanka wa'adin kai ƙorafi, in ya wuce ko kana da gaskiya ka makara. Don haka cikin satin da takarda ta zo, cikin shi za ka motsa. Sani kuma cewa kai ƙorafi shi kaɗai ba ya dakatar da biya. Sai ka roƙi jinkiri a cikin takardar, kuma ana iya neman ka ajiye wani kashi ko jingina. Abin da ba ka musu a kanshi, biya shi. In ba a amsa maka yadda ya gamsar da kai ba, kana iya ɗaukaka maganar zuwa na sama, har gaban alƙali.

Ƙofa ta biyu ta wanda ya san ana binshi ce, amma wata masifa ta hana shi biya. Wannan roƙo ne. Sunanshi remise gracieuse, wato neman yafiya. Hukuma tana iya yafe tarar duka, tana iya rage ta, tana kuma iya ƙi. Abin da ake dubawa shi ne dalilinka, da halinka na baya, da ko ka biya uwar kuɗin.

Dalilan da ake saurare su ne waɗanda suka fi ƙarfin mutum. Gobara tana ciki: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, mutane da yawa suka wayi gari ba jari. Ambaliya tana ciki, irin ta daminar 2024 da ta rushe gidaje da shaguna a Maraɗi da Damagaram. Akwai doguwar jinya, akwai sata, akwai rasuwar mai shago. Akwai kuma tsayawar ciniki da kowa ya shaida, kamar lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Wani lokaci gwamnati da kanta takan yi sauƙi ga kowa, kamar a 2020 zamanin cutar korona, da aka ɗaga ranar biyan wasu kuɗaɗen. Saboda haka riƙa sauraren sanarwa a rediyo. Irin wannan sauƙin yana da wa'adi, wanda bai ji ba ya wuce shi.

"Na manta" da "ban sani ba" dalilai ne marasa ƙarfi. Amma wanda ya shekara biyar yana biya kan lokaci, ya makara sau ɗaya, tsofaffin resinshi za su yi mashi magana.

Yadda ake rubuta wasiƙar roƙo

Wasiƙar gajera ce. In ba ka iya faransanci ba, tsara maganarka da Hausa tukuna, sannan wani amintacce ya juya maka, ya kuma karanta maka abin da ya rubuta kafin ka sa hannu. Ga yadda za ta kasance:

Gari da kwanan wata: ..........
Zuwa ga shugaban biron lanho na ..........
Ni ne .........., mai sana'ar .......... a unguwar .........., lambar NIF ..........
An aza mani tarar .......... a kan lanhon shekarar .........., takarda mai lamba ..........
Abin da ya hana ni biya kan lokaci shi ne ..........
Na biya uwar kuɗin ranar .........., ga fotokofin resi.
Ina roƙon a yafe mani wannan tara, ko a rage mani ita.
Sa hannu: ..........

Haɗa da shaida: takardar likita, ko ta ƴan kwana-kwana, ko ta ƴan sanda, ko ta meri. Yi wasiƙar kofi biyu. Ka ba da ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, ka koma gida da ita. Kada ka ba da resinka na asali. Kada kuma ka ƙara gishiri. In aka kama ƙarya guda, sauran maganarka duka ta zube. Bayan sati biyu ko uku koma ka tambayi inda takardarka ta kwana.

Hattara da ƴan tsakiya

A bakin kowane biro ba a rasa mai ce maka: "Kawo jika 10, ni na san wani a ciki, zan sa a share maka." Kuɗin da ba shi da resi bai shiga asusun gwamnati ba. Bashinka yana nan a dosiye, tara tana ci gaba da hawa, ranar da aka sake ma'aikaci maganar za ta taso sabuwa. Ka yi asara biyu, ga kuma laifin ba da cin hanci. Yafiya ta gaskiya a rubuce take zuwa, da sa hannun mai iko da hatimi. In kana son mai taimako, nemi shugabannin ƙungiyar sana'arku, ko reshen majalisar ƴan kasuwa na jiharku, ko kontabul sananne. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka kwanta yau, ɗauko takardun lanhonka ka shimfiɗa su a tabarma. Nemi ranar ƙarshe, nemi uwar kuɗi, nemi tara. In akwai wadda ranarta ta wuce, gobe da safe ka nufi biro da abin da ya sawwaƙa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin uwar kuɗi da tara?
2. In ranar kai bayani ta zo ba ka da kuɗi, me za ka yi?
3. Ana bin wata mai saida atamfa 80.000. Ta biya 50.000 kan lokaci. In tara kashi 10 cikin 100 ce a kan saura, nawa za ta ƙara?
4. Wace ƙofa wanda aka yi ma kuskure zai bi? Wace ƙofa wanda gobara ta ci shagonshi zai bi?
5. Kwafe wasiƙar roƙo cikin kayenka, ka cike wuraren da aka bari.